Magunguna Biyu a Jikin Rabi'atu

A damanar nan matata Rabi'atu ta cika shekara ashirin da uku da rasuwa. Allah Ya jiƙanta.

Tun tana yarinya a Zurmi take fama da farfaɗiya. Kafin aurenmu wani likita ya ɗora ta kan wata ƙwaya, faɗuwar ta tsaya cak. Da aikin koyarwa ya kawo ni Ƙaura Namoda, lokacin Zamfara na sabuwar jiha, ba wanda ya san tarihinta a unguwarmu. Hakan ya yi mata daɗi, domin ta girma tana ganin mutane na gudun yawunta.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, matan aure suka yi ta tururuwa neman karatu, tsakar gidanmu ya zama ajinta. Ana cikin haka aka gano ciwon dajin mama a jikinta, Hauwa'u 'yarmu ko yaye ba a yi mata ba.

A babban asibiti likita ya zaunar da mu. Ya ce ƙwayar farfaɗiyar tana sa hanta ta kore maganin daji kafin ya gama aikinsa. In an sauya ta, ba shi da tabbacin wadda za ta maye gurbinta za ta riƙe ta. Tana iya faɗuwa ko'ina.

A mota na ce ta yi nazari, kada ta yi gaggawa.

"Malam, mi za ni nazari?" in ji ta. "In na faɗi ina tashi. Ɗiyar ga nika son ta san ni."

Aka sauya ƙwayar. Ta kuwa faɗi, kuma a gaban ɗalibanta. Na dawo daga makaranta na tarar da takalma warwatse a ƙofar gida, mata sun gudu, ita kaɗai kwance da leɓe a fashe. Da ta farfaɗo ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ko a ranar da aka gaya mata dajin. Washegari ta shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Kaɗan suka zo. Ta koyar da su.

Yau Hauwa'u tana jami'a, cikin masu binciken yadda magunguna ke cuɗanya a jikin mai daji. Ta gaya mini yanzu akwai magungunan farfaɗiya da ba sa rage ƙarfin na daji. Da Rabi'atu ta ji, na san hamdala za ta fara yi, sannan ta tambaya ko matar ƙauye a Banga ko Galadi tana samunsu. Nan kam kunya za ta kama mu.

Dajin bai bar ta ba. Wa'adi na Allah ne, amma ta yi shekara uku bayan wannan zaɓi, tana faɗuwa tana tashi.

Kwanan baya na tambayi Hauwa'u ko tana tuna wani abu game da ita, ina fargabar amsar.

"Baba, fuskar ta ɓace mini," ta ce. "Amma ina tuna tana yi mini kitso, kaina bisa cinyarta, tana biya mini Fatiha. Har yau da muryarta nake karantawa a salla."