Damin Geron Mahaifin Abokina

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su bar ƙasar nan ba, aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ido ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Kiru da Bebeji. Kafin bazara ta raba, rumbuna sun yi fayau, tsofaffi sun koma cin dusa da ganyen tafasa.

Mu samarin da muke fita gayya tare muka ce za mu bi gida-gida mu tara hatsi mu raba wa tsofaffi da marasa ƙarfi. Ranar farko ko ƙwarya uku ba mu cika ba. Ni kuwa a lokacin gani nake duk garin ba mai dabarata. Na ce a kira mai gangar noma. Ai a gona, da an kaɗa wa mutum takensa sai ya manta da gajiya. To, a kaɗa masa a ƙofar gida mu ga ko zai ce babu.

Dabara ta ci. Wanda jiya ya rantse ba shi da komai, yau sai ga shi da mudu biyu. Har wata tafiya nake ina buɗa kafaɗa.

Da muka doshi gidansu abokina, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Don Allah mu wuce gidanmu."

Na ce, "Haba! Gidan babban manomi guda za mu tsallake? Ai zagi ne."

Mahaifinsa ya yi suna a noma, takensa ma ya fi na kowa daɗi. Aka kaɗa, mutane suka taru. Ya fito ya tsaya a bakin zaure, ya rame, ya daɗe yana kallonmu. Sai ya koma ciki ya fito da damin gero guda, zangarnu dogaye masu cikar ido, ya ajiye a gabanmu. Muka yi ta sowa. Abokina kaɗai ne bai ɗaga kai ba.

Da muka kai damin gidanmu don mata su sussuka, mahaifiyata ta zari zangarniya ɗaya ta shinshina, ta ce, "Kai, ina kuka samo wannan?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Innalillahi! Ba ka ji warin hayaƙi ba? Wannan iri ne. Zaɓarsa aka yi tun kaka aka rataye a ɗakin girki don kada ƙwari su ci. Me mutumin nan zai shuka?"

A nan na sake yin wauta ta biyu. Maimakon in bari mahaifina ya mayar a asirce, sai na ɗora damin a ka da rana tsaka, na ratsa gari kowa yana gani. Na sami mahaifin abokina a ƙofar gidansa tare da dattawa uku. Na durƙusa na ce, "Baba, mun dawo da shi ne. An ce iri ne."

Ya ce, "Ni na ce maka iri ne? Ɗauki ka kai wa mabukata, yaro. Gidana da sauran hatsi."

Babu sauran komai, duk wanda yake wurin ya sani. Haka aka sussuke geron aka raba, kwana biyu ya ƙare.

Da ruwan shuka ya sauka, mahaifina ya aika masa da ƙwaryar iri daga ɗan abin da muka rage. Ya dawo da ita da godiya. Gonarsa ta cika da ciyawa. Kafin noman farko ya kwashi iyalinsa suka nufi wajen Doguwa yin ƙodago a gonakin wasu. Can ya rasu a daminar. Abokina bai yi mini sallama ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Na daɗe ina lissafa tsofaffin da hatsinmu ya riƙe, ko zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Mun san mai yunwar da yake faɗa, ba mu san wanda kunya ta rufe wa baki ba, kuma ni ne na tara masa jama'a a ƙofa. Abin yana ci mini rai har gobe.

Har yanzu akwai masu nuna ni ga jikokinsu, su ce ga wanda ya ceci garin nan shekarar yunwa. Nakan ce musu, "Ku bar faɗa." Su kuma sai su ɗauka tawali'u ne.