Kwale-kwalen Mailafiya Kafinta

Duk wanda ya san Dukawuya ya san Mailafiya kafinta. Rabin ƙofofin unguwarmu aikin hannunsa ne. Sunan ne kawai mai lafiya, shi kam taurin kai gare shi na tsiya.

A bayan gidansu akwai wani tsohon kwale-kwale a kife. Na marigayi mahaifinsu ne, da shi yake kwashe kainuwa a kududdufi. Gara ta ci cikinsa, kaji sun mai da shi akurki. Yayarsa Kulu mai waina ta daɗe da ɗora masa ido.

"Kai Mailafiya, in jirgin nan bai hau ruwa a daminar bana ba, wallahi murhuna zai shiga."

Maganar ta yi masa ciwo. Ya birkice jirgin, ya ɓamɓare ruɓaɓɓen katako, ya sassaƙa masa sabbin haƙarƙari na maɗaci, ya cusa auduga da kwalta a duk tsagar da ya gani. Mu kuwa in mun zo wucewa sai mu ce, "Sarkin Ruwa, barka da aiki!" Mutumin da ko iyo bai iya ba.

Da kududdufi ya cika, muka taya shi turawa. Ruwa ya dinga tsattsafowa ta ko'ina, a kan idonmu jirgi ya nutse har baki. Aka kwashe da dariya. Ni dai da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni.

Bayan 'yan kwanaki Kulu ta turo mai faskare. Da safen nan ƙyauren shagon Mailafiya ya ƙi buɗuwa, damina ta kumbura shi. Ya tsaya yana kallon ƙyauren, can sai ya kwasa a guje. Ya tarar har an jawo jirgin gaɓa.

"Dakata, Malam! Ku ba ni ƙwarya!"

Ya kwarfe ruwan tas, muka sake turawa. Ashe katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya matse kowace tsaga. Ko ɗigo bai shigo ba. Ya haye da gora a hannu, ya kai tsakiya yana tangaɗi yana kabbara, mu ma muka ɗauka.

Kulu ta iso a fusace, sai ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallo, sannan ta goge ido da gefen mayafi.

"Haka Baba yake tsayawa," ta ce. "Matso da shi nan, ka ɗauke ni."