Ƙaramin Kaset da Muryar Babana

Ina da son musu, Allah Ya yafe mini. Lokacin da nake aiki a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata a nan Katsina, mu biyu ne ke kwafe bayanan ofis a kaset don gudun ɓacin rana: ni da wani Alhaji ɗan Ƙofar Durbi, wanda ya girme ni. Ni ina bayan ƙaramin kaset da ake kira DAT, mai araha, mai shiga aljihun riga. Shi yana bayan LTO, mai faɗin tafin hannu, wanda ke ɗaukar kaya da yawa, ga sauri, kuma bai cika tauna zare ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Hakan bai hana ni ba.

Don in nuna masa iyakar yardata, sai na kwafe muryar marigayi babana a kan DAT, wata hira ce da aka ɗauka a zaurenmu. Asalin kaset ɗin rediyon kuwa na bar wa yara, suka zare shi.

Ofis ya koma LTO, daga baya muka yi ritaya. Bara idon Inna, mahaifiyata, ya mutu, ta ce ba abin da take so sai ta ji muryar mijinta. Kaset yana akwati. Na'urar karanta shi ce babu. Na zaga masu gyara har Ƙofar Sauri, wani ya tambaye ni ko na kyamara ne.

Sai na ji Alhaji ne ya sayi tsohuwar na'urar a gwanjon ofis. Na je. Ya tambayi gida, ya tambayi Inna, ya tambayi ciwon ƙafata, bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Sai da na faɗa da bakina.

Ya nuna ƙofar ɗakin hatsi, can ƙarƙashin rumfa. Na'urar ce ke tokare da ita.

"Malam, ashe kana da gaskiya, tana da amfani. Tun da na aje ta nan, kaji ba su sake shiga ba."

Na haɗiye zolayar.

Ya kakkaɓe ta, ya hure, ya jona ta da tsohuwar kwamfutarsa. Ta yi ƙugi, ta tofo kaset ɗin, ya mayar. Can sai ga babana yana gyaran murya. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam."

Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka gani, Alhaji? Ƙaramin bai ci amana ba."

Ya dube ni. Ya tura muryar a wayata, ya mayar da na'urar bakin ƙofa.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. A cikin hirar, babana na musu ne da maƙwabcinmu a kan wane irin gero ya fi jure fari.

"Ji shi," in ji ta, tana share ido. "Ran nan ma ba shi da gaskiya."