Safar Hannun Kawu Mavji

Duk wanda ya taɓa ɗaga jirgin takarda mai zare a unguwarmu a Ahmadabad ta ƙasar Indiya ya san zaren Kawu Mavji, ƙanen mahaifiyata. Da zarar sanyi ya shigo, sai ya kafa sanduna a bakin titi, ya ja zare a tsakaninsu, ya dama ƙullun shinkafa da garin kwalba da rini, ya yi ta kai da komowa yana shafawa da tafin hannu. Kowa rini ja yake sawa, shi kuwa kore da rawaya yake jerantawa, kamar yadda ya gada wurin mahaifinsa. Ranar bikin Uttarayan, lokacin da gari ke hawa soro ana gasar tsinke wa juna zare, mai riƙe da na Kawu ba ya jin tsoron kowa.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne, bawan Allahn nan tsuntsaye ne ransa. Ya sayi tsohon madubin hangen nesa a kasuwar gwanjo, ido ɗaya na madubin ma ya dushe. Kowace Lahadi ta lokacin sanyi ni ke ɗaukarsa a babur zuwa tafkin Thol, inda wasu tsofaffi ke haɗuwa su kalli dinya da kwasakwasa da suka zo daga ƙasashen ƙanƙara. Shugabarsu Urmila-ben ce, wato Yaya Urmila, malamar makaranta da ta yi ritaya, mai baki kamar reza. Ita ke zuba wa kowa shayi, kuma kofin farko na Kawu ne, wanda take kira Mavji-bhai, wato ɗan'uwa Mavji.

Sai dai bai taɓa cire safar hannu a gabansu ba. Ya ce musu ciwon fata ke damunsa.

"Kawu, wannan ciwon naka ba ya warkewa ne?" na tsokane shi wata rana a hanya.

"Ke dai kalli gabanki, kada ki zubar da mu a kwata," in ji shi.

Abin yana ba ni haushi. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya da wannan hannu, a ce yana ɓoye shi kamar kayan sata.

Washegarin biki muka je tafkin, aljihunmu cike da alewar riɗi. Tun daga nesa muka ji kukan gauraka, irin wanda ba ya tsayawa. Namijin ne tsaye a cikin ruwa. Macen tana kwance a ciyawa, zare ya nannaɗe mata fiffike ya nutse cikin nama, ga yagaggen jirgin takarda a gefe. Tsofaffin sun kewaye ta, sun lulluɓe mata kai da mayafi, kowa ya kai hannu sai zaren ya yanke shi.

Urmila-ben ta ɗaga wani guntun zaren sama. "Ku duba! Wani ƙato ne fa ya zauna ya daka kwalba don wannan. Har da kwalliya, kore da rawaya! Da zan ga fuskarsa, da na tofa masa yawu. Mavji-bhai, kai ka ga rashin imani?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja rigar Kawu, na ce a hankali, "Mu tafi, za su kira masu ceton dabbobi."

"Kafin su zo ta mutu," ya ce.

Ya durƙusa. Ya gwada da safar, zaren ya maƙale a ulun. Sai ya cire ta da haƙora, ɗaya bayan ɗaya. Ga hannuwan nan a fili, duk tabo da kanta, rini ya shiga kowace tsaga, dama kore, hagu rawaya. Zaren bai yanke shi ba, ya daɗe da daina yankarsa. Ya warware shi a hankali, kansa a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja.

Babu wanda ya tofa yawu. Da ma sun tofa, da ya fi sauƙi. Urmila-ben ta kalli hannun, ta kalli guntun da ke nata hannun, ta ce, "Riƙe ta sosai, Mavji-bhai, ga motar masu ceto can."

Macen ta rayu, amma likitan dabbobi ya ce ba za ta ƙara tashi sama ba, can za ta zauna wurin masu ceto. Kawu bai sake taka bakin tafkin ba. Urmila-ben ta aiko sau da yawa, har ta ce in gaya masa shayinsa na hucewa. Ya ce in ce ba shi da lafiya.

Da sanyi ya zagayo, ya sake kafa sandunansa, don ba shi da wata sana'a. Ranar Lahadi ya miƙo mini madubin ba tare da ya dube ni ba.

"Je ki dubo mini ko namijin yana nan."

Na je, na dawo na same shi tsakanin sandunan, ƙullu a hannu.

"Yana nan, Kawu. Shi kaɗai, a wurin nan dai."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannu a kan zaren, ya ci gaba da tafiya.