Likkafanin da Malam Lawali Ya Bayar Ajiya

Duk wanda ya zauna da mu a Alkahira a ƙarshen shekarun saba'in, in aka ce Malam Lawali Damagaram, jakar zai fara tunawa kafin fuskar. 'Yar jakar fata ce baƙa da ta sha jiki, kullum tana maƙale a hammatarsa, ko aji za shi, ko masallaci, ko layin burodi. Ba littafi a cikinta, ba ko sisi. Likkafaninsa ne a ciki, ƙyalle uku a ninke, da ɗan ƙullin kafur.

Ranar da na fara ganin ƙyallen da idona a cikin bas ne, an cika maƙil. Kwandasta ya ce masa ya ajiye jakar a ƙasa, tana tokarin mutane. Malam Lawali ya buɗe ta a hankali, ya jawo bakin ƙyallen ya nuna masa, ya ce, "Wannan za a taka?" Wallahi kafin mu kai tasha ta gaba mutum biyu sun tashi sun bar mana kujera. Da muka zauna ya raɗa min, "Ka gani, Bakano? Tun ban mutu ba ya fara yi min aiki."

Bakano yake kirana, don kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa, ni kuma ba na raga masa. Kun kuma tuna inda ya zauna. Mu muna cunkushe mu shida a ɗaki ɗaya a Giza, shi ya je ya kama ɗaki a babbar maƙabartar nan ta gabashin gari, inda talakawa ke zaune a gidajen kaburbura, saboda araha. Sau ɗaya na kai masa ziyara, da rana tsaka, amma tsigar jikina ba ta kwanta ba har na fito. Na ce, "Malam, don Allah ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Tsoron me? Maƙwabtana ba sa kunna rediyo, ba sa aron sukari. Naku fa?"

In zai shiga gidan sai ya yi sallama, ya ɗan dakata yana sauraro, sannan ya sa ƙafa. Wannan dakatawar ce ba na so.

Matattu ba sa ba shi tsoro. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ya mutu inda ba a san shi ba, a tura shi rami ba wanka ba sutura. Mahaifinsa ya tafi aikin hajji da ƙafa ya rasu a hanyar Sudan, har yau ba wanda ya san inda aka sa shi, ko ma an sa shi. Daga nan jakar ta samo asali.

To, ga yadda muka je Italiya. Hutun ƙarshen shekara ne, ya ji labarin katin ɗalibi yana sa a rage wa mutum kuɗin jirgin ruwa daga Iskandariyya zuwa Napoli, da na jiragen ƙasa a can. Shi kuwa a wurinsa rangwamen da aka yi maka ba ka ci ba, asara ce. Ya zo ya tasa ni gaba, wai shi yana jin Faransanci, ni kuma ina da ƙarfin ɗaukar kaya. Muka ɗaure busasshen burodi da ƙuli-ƙuli da kilishi, muka hau saman jirgi inda ba gado sai sararin Allah. Gaɓar Masar na ɓacewa ya kama hannuna ya ɗora a kan jakar.

"Bakano, ka yi min alkawari. In na faɗi a ƙasar mutanen nan, kai za ka wanke ni, da wannan za ka naɗe ni."

Na ce, "Haba Malam, yawon buɗe ido fa za mu."

"Shi ma babana dawowa ya yi niyya. Ka ce ka yi."

Na ce na yi. Ni da ko mushen kyanwa na gani sai na canza hanya.

A Napoli ɗan kwastan ya ce a buɗe jakar. Ya warware ƙyallen yana juyawa, yana tambayar ko na sayarwa ne. Malam Lawali ya yi bayani da Faransanci, mutumin bai gane ba. Sai kawai ya hau teburin ya miƙe samɓal, ya rufe ido, ya ja ƙyallen ya lulluɓe har ka. Ɗan kwastan ya ja da baya yana taɓa goshinsa da ƙirjinsa, ya kaɗa mana hannu mu wuce. Kilishin da nake ta fargabar a ƙwace, ko kallon buhun bai yi ba.

A Roma duk abin da ake biya a shiga, daga waje muka gan shi. Ruwan famfon titi muka sha har na fara jin cikina yana kaɗawa in na yi tafiya. Wuri ɗaya ya yarda muka shiga, don an ce abin da ka ga dama za ka jefa a ƙofa, kuma da sanyi a ciki. Ashe ƙarƙashin wani coci ne da aka yi wa ado da ƙasusuwan mutane, ƙoƙunan kai jere har rufi, hatta abin rataye fitila da ƙashi aka haɗa shi. Shi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallamarsa, ya dakata. Ba kowa a ciki sai mu. Ba zan ce muku an amsa ba, amma na ga ya gyaɗa kai kafin ya shiga. Da muka fito ransa a ɓace, ya ce, "Dubi bayin Allah, an hana su kwanciya an sa su aikin ado. Kuma na tabbata ba a biyansu."

A tashar jirgin Firenze na yi laifin da bai taɓa yafe min ba. Ya fito da ƙyallen yana shan iska a kan benci, kamar yadda yake yi duk Juma'a, ni kuma na saci jiki na sayo gahawa a ɗan kofi, abin da ya haramta mana. Wani ya bangaje ni, gahawar ta tuntsire a kan ƙyalle na ciki. Ya wanke a famfo har hannunsa ya yi ja, tabon ya ƙi fita, ya zauna kamar sawun kaza mai yatsa uku. Ya ninke shi ya ce, "Khalas, shi ke nan. Da tabon nan zan tashi ranar ƙiyama. In an tambaye ni in ce wani Bakano ne mai kwaɗayi."

Bunduƙiyya ce ta karya masa gwiwa, garin nan da aka gina a kan ruwa, wanda Turawa ke ce wa Venis. Kowa na kallon kwale-kwale, shi tambayarsa ita ce ina suke binne mutanensu. Aka nuna mana wani tsibiri kewaye da jan bango, muka je. Mai gadin wurin ya gaya masa wuri ya yi musu kaɗan, in mutum ya yi 'yan shekaru sai a tono ƙasusuwansa a ba wani gurbin. Malam Lawali ya riƙe baki. "Har matacce ma ɗan haya ne? La ilaha illallahu! Bakano, yalla, mu koma Masar." A hanya sau uku yana sa ni in maimaita alkawarina.

Muka dawo Napoli jiran jirgi, saura kwana huɗu. Ya yi ta jan mu lungu-lungu har ya samo ɗakin da ya fi ko'ina araha, wurin wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya. Da la'asar ne, rana na shigowa ta taga, amma ɗakin sanyi ƙalau. Ya yi sallama, ya dakata. Wannan karon dakatawar ta yi tsawo. Ya juya ya tambayi tsohuwar wa ya kwana a nan kafin mu.

Da Faransancinta gutsi-gutsi ta ce wani baƙar fata ne irinmu, mai talla a bakin tashar jiragen ruwa. Kwana uku da suka wuce aka same shi ya mutu a kan gadon nan, shi ya sa ba mai son ɗakin. Ba takarda, ba wanda ya san sunansa na gaskiya, gawar tana asibiti, in ba wanda ya zo hukuma za ta binne shi yadda ta saba. Ta jawo wani kwali ta nuna mana abin da ya bari: carbi, asuwaki, da 'yar kwalbar yaji. Na buɗe na sansana. Yajin gida ne, har da kimba.

Ni dai na ce mu nemi wani ɗaki. Malam Lawali bai ko kalle ni ba. Kwana biyu yana zarya tsakanin asibiti da ofishin hukuma, mutumin da ba ya shiga mota in ƙafa za ta kai shi, ranar har tasi ya tare. Ya samo wani Balaraben Tunis mai sayar da kifi, wanda ya san hanya ya tsaya mana, har aka ba mu gawar da wani gefe a maƙabarta. Da aka yaye mayafin muka ga tsagar Gobirawa a kumatunsa. Ba zai wuce sa'anmu ba.

Malam Lawali ya yi wankan, ni ina zuba ruwa, hannuna yana rawa har butar tana ƙara. Da aka gama Balaraben ya ce bari ya je ya nemo yadi. Malam Lawali ya ce a'a. Ya ɗauko jakar ya buɗe, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Mutumin da bai taɓa ba wani ko ƙwayar ashana ba tare da ya yi tsaki ba! Ya miƙo min ya ce, "Shimfiɗa, Bakano. Mai tabon daga ciki, kada ya ji kunya." Da hannuna na ja ƙyallen mai sawun kaza na rufe ƙirjin bawan Allahn nan. Mu uku muka yi masa salla, da idona na ga ƙasa ta rufe shi.

A jirgin dawowa kuwa na sha dariya. Ya ƙi zuwa kusa da ƙarfen bakin jirgi, ya ƙi cin kifi kada ƙaya ta shaƙe shi, in ya yi atishawa sai ya dube ni. "In na faɗi yanzu da me za ka rufe ni?" Na ce da buhun kilishi. Na karɓi jakar na zazzage ta a gabansa don tsokana, ba abin da ya faɗo sai ɓurɓushin kafur. Na ce da mun sauka sai ya sayi wani. Ya ce, "In saya sau biyu? Ajiya na bayar. Gobirawa suna da amana, ba kamar wasu ba."

Kuma bai saya ba, ku shaida ne. Shekara takwas yana yawo da jakar a lafe kamar kunnen akuya, ya gama digiri, ya koma unguwar Faisal yana koyar da yaran mutanenmu karatu, muna ta yi masa tsiya wai Malam ya zama mai jaka ba kaya. Shekarar da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya rantse ba zai shiga ba don bai ga dalilin shiga rami tun lokaci bai yi ba, zazzaɓi na kwana biyu ya ɗauke shi, wata Talata da hantsi.

Ni aka kira, don kowa ya san alkawarin. Na sa takalmi zan fita sayen yadi, sai na ce bari in ɗauki jakar ko in zubo shi a ciki. Na ciro ta daga ƙusar ɗakinsa na ji ta da nauyi. Na buɗe. Ƙyalle uku ne a ninke, fari fat, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Na warware na ciki a kan tabarma, ga sawun kaza mai yatsa uku.

Na san abin da wasunku suka ce, wai marowaci ne, biyu ya saya tun farko don a rage masa, ko kuma ya sayi sabo a ɓoye ya ɗiga masa gahawa don ya rama abin da na yi masa. Zai iya, wallahi zai iya, kuma in haka ne ya rama, don na kai wata ba na iya zama ni kaɗai a ɗaki. Ni dai na faɗi abin da hannuna ya taɓa, sauran Allah ne masani.

Na wanke shi, hannuna bai yi rawa ba. Na sa mai tabon daga ciki. Muka kai shi maƙabartar nan ta gabas, kusa da tsofaffin maƙwabtansa, sahu ya kai bakwai, kowa ya san sunansa da na mahaifinsa. Har yau in zan shiga ɗakin da ba kowa nakan yi sallama, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya suturta shi kamar yadda ya suturta baƙon da bai san sunansa ba. Allah Ya jiƙan Bagobirin Napoli, da mahaifin da ya kwanta a hanyar Sudan. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa akwai mai zuba mana ruwa.