Alamar da 'yan makaranta suka manta

"Kaka, wasanku ne fa!" in ji jikata Hassana jiya, ta cusa min waya a fuska. Wai 'yan makarantarsu a Malumfashi sun sake yin wasan kwaikwayon kurma da saurayinta.

Mu muka fara yin sa muna aji bakwai, a gindin ɗorawa, zannuwan iyayenmu ne labule. Ni ce kurmar. Saurayin kuwa Alhajin gidan nan ne, lokacin wuyansa kamar na zalɓe. Kullum sai ya manta maganarsa, har malami ya gaji ya ce ya ja kunnensa kawai ya dafa ƙirji, kurma za ta gane yana son ta.

Yanzu ƙarar injin niƙan da ya yi shekaru yana sana'a da shi ta cinye masa kunnuwa. Tun bara ya daina hira, sai zugum a zaure. Tsorona kada ya yi min nisa alhali muna gida ɗaya.

Na kai masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, inda saurayin zamani ya tura wa kurma saƙon waya.

"Sun ɓata wasan, Hajiya," ya faɗa da ƙarfi. "Ba haka ake yi ba."

Sai ya ja kunnensa, ya dafa ƙirji. Wallahi har ƙamshin ɗorawar nan na ji.

"Tsofai-tsofai da kai, a gaban jika?" na ce. Bai ji ba, dole na mayar masa da alamar.

To ku masu kunnuwa garau, da me kuke zance? Ina jin ku.