Likitan Ido da Alƙawarin Wata Shida

Wata rana, ranar Lahadi da hantsi, wani likitan ido a Abuja yana kishingiɗe a falonsa yana canza tashoshi, sai ya faɗa kan wani tsohon fim na Amurka. Irin na da can, baƙi da fari, hoton har rawa yake yi.

Dakta Ashiru sunansa, shekararsa hamsin da bakwai. Sai mutum ya yi wata biyu yana jira kafin ya samu ganinsa.

Ya san fim ɗin. Yana aji uku a makarantar koyon likitanci suka kalle shi a ɗakin hutun ɗalibai.

Labarin wani matashin likita ne da ya fara aiki cikin talakawa da zuciya ɗaya. Daga baya birni ya janye shi, ya koma duba masu hannu da shuni waɗanda ba abin da ke damunsu sai ƙoshi.

A wancan lokacin Ashiru ya fi kowa jin haushin likitan. Har miƙewa ya yi a gaban abokansa, ya rantse shi ba zai taɓa zama haka ba.

Yau kuwa bai ji haushi ba. Wani ƙauye ne ya faɗo masa a rai.

Kwarin Gamji. Can aka fara tura shi aiki. Ɗakin shan magani ne mai ɗaki biyu, da benci ɗaya a gindin bedi. In aka yi ruwa, sai ya naɗe wando ya tsallaka rafi riƙe da jakarsa a ka.

Akwai wata mata a maƙwabta, Inna Hansai, mai tuyar masa. Kullum da safe za ta leƙo da guda biyar a kwano, ta ce likita ba ya duba mutane da yunwa. Shekara biyu, ba ta taɓa fashi ba.

Dab da tafiyarsa ta ce masa gefen idonta na dushewa. Ya duba da 'yar tocilarsa, ya yi zargin hawan jinin ido ne. Ba shi da kayan awo, ba shi da maganin. Ya ce mata kwas zai je na wata shida, zai dawo mata da magani.

Kwas ya ƙare, aka ba shi wani. Sai aure. Sai Landan. Sai babban asibiti.

Shekara ashirin da tara.

Bai ƙarasa fim ɗin ba. Ya san yadda yake ƙarewa: likitan zai tuba, ya koma, ya tarar da kowa yana nan yadda ya bar shi.

Ya zauna yana kewar warin hayaƙin kaskon masar nan. Yana kewar yaron da yake naɗe wando ya shiga rafi ba tare da ya tsaya tunani ba. Ya rasa a wace shekara suka rabu.

Ranar Asabar ya loda kayan awo da kwalayen magani a mota, ya kama hanya.

An yi gada a kan rafin. An sare bedin. Wanda ya fara yi wa tambaya ma bai san an taɓa yin wani likita Ashiru a garin ba.

Amma Inna Hansai tana raye.

Ya same ta a ƙofar ɗakinta kan tabarma, fuskarta na kallon inda babu kowa. Ya yi sallama, ya durƙusa.

Ta ɗan karkata kai. Sannan ta ce, "Likita? Ashiru? Ka zo da maganin?"

Ya ciro fitilar awo, ya haska idon dama, ya haska na hagu. Ba ta ko ƙifta ba. Jijiyar ta daɗe da mutuwa. A fim ne kawai mutane ke tsayawa yadda aka bar su.

Ya ce, "Inna, na zo da shi. Amma na makara. Ki yafe mini."

Ta laluba ta kama hannunsa. Ta ce, "A kan nawa idon kawai ka makara, ɗan nan. Garin cike yake da masu ido. Tashi."

Ya tashi.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren mai unguwa. Kafin la'asar ya duba mutum sittin da uku. Tara daga ciki suna da irin ciwonta, biyu 'ya'yan cikinta ne, kuma dukansu da sauran ganinsu.

Yanzu duk Asabar ɗin farkon wata yana can. Idan ya gama, sai ya je ya zauna kusa da ita, ta ce ya ba ta labarin yadda garin ya koma. Sai ya faɗa mata: launin sabon masallaci, tsayin gero, jikarta da ta ɗauko dariyarta.

Ta kan yi murmushi ta ce ya ƙara.

Shi kuma ya kan ƙara, yana share hawaye a hankali don kada ta ji.

Darasi: Akwai wanda ka ce wa "zan dawo", kai ka manta, shi bai manta ba. Wani abin in ya wuce ba ya gyaruwa, ko da kuka, ko da tuba. Amma kada kunyar makara ta hana ka zuwa. Je ka a makaren, akwai sauran abin da za ka tarar.

In wani ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, kira shi yau. Sannan ka tura wa wani, wataƙila shi ma ana can ana jiran sa.